Dusar da Laminu Ya Binne

Tun da na dawo, babu ranar da za a ɗora shayi a fadarmu, wato majalisar da muke hira, ba a ce mini, "Habu, ba mu labarin Kano." Sai in ce Kano tana nan lafiya, in yi shiru. Wasu sun ɗauka girman kai ne. Wasu sun ce sane aka yi mini a can nake jin kunyar faɗa. Ko ɗaya babu. Bakina ne ba ya iya jera magana a gaban mutane, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura. Karatuna bai wuce lakol ta firamare ba, a yi haƙuri da yadda ya zo. Inda na yi ba daidai ba kuma zan faɗa, don ban ga amfanin in wanke kaina a takarda ba alhali Allah ya gani.

Ni tela ne a cikin Dakoro. 'Yan shanun da baba ya bar mana suna hannun Kawu Jibo, ƙanin Inna, a dajin Azagor. Ƙanina Laminu shi ne mai kai da kawowa tsakaninmu da su. Ni rabona da bin saniya tun ina yaro.

Lokacin da Laminu ke karatu a Maraɗi ya koyo wani wasa na waya. Mutum ya ɓoye ɗan gwangwani a wani wuri, ya adana lambobin wurin a cikin waya, wani ya bi lambobin ya nemo. Ni aikin banza na ɗauke shi. Shi kuwa sai ya mai da shi abin amfani. Bara bayan kaka, da dusa ta yi araha, ya saya da yawa ya haɗa da angurya, ya cika tanonin roba, irin manyan duro ɗin nan masu murfi, ya ɗauka a amalanke ya je ya binne su wuri-wuri a daji, kusa da rijiyoyin da Kawu ke shayarwa amma nesa da idon mutane. Kowane rami ya adana lambobinsa a wayar, kamar yadda ake yi a wasan. Bai nuna wa Kawu ba. Ya ce Kawu ba ya iya ganin saniyar maƙwabci da yunwa, kafin bazara ta zo zai rabar da ita kaf.

Daga nan Laminu ya tafi Aljeriya neman aiki. Ranar tafiyarsa ya ba ni wayar, da wata tsohuwar na'urar GPS mai kama da ƙaramar rediyo, wadda ya saya hannun wani da ya dawo daga haƙar zinariya. Ya ce, "Yaya, wayar ga ba ta jure zahin daji, batirinta ba ya wuni. Wannan kuwa pil biyu irin na tocila ke tahiyar da ita. Ka kai Maraɗi a juye wuraren daga waya zuwa cikinta tun da sauran sanyi." Na ce to. Na zuba su cikin akwatin zare a shagona mai rufin kwano, ɗinki ya yi yawa, kullum in ce sai mako mai zuwa. Laminu ya bugo wasu lokuta yana tambaya, ina cewa ana kai. Daga baya lambarsa ta daina shiga, kuma har yau da nake rubutun nan ba mu ji muryarsa ba.

Ana tsakiyar bazara, ranar kasuwa, wani makiyayi ya tsaya bakin shagona ya ce Kawu Jibo na gaishe ni, ya ce a gaya mini shanu sun fara kwanciya. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ma'anar wannan. Saniya ta kwanta ta kasa tashi sai an ɗaga ta da itace, abin da ke biyo baya wuƙa ce. Na buɗe akwatin zare. Wayar ta kumbura ta baya, fuskarta ta yi baƙi daga sama har kusan ƙasa kamar an zuba mata tawada. Tana kamawa, amma ba lamba ɗaya da ido zai iya karantawa. Abincin shanunmu yana ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ya san inda yake yana mutuwa a hannuna.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko cuku mai kyau ta naɗe a tsumma ta ce, "Ka ba wanda ya taimake ka." Da safe na shiga motar Maraɗi.

Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar garin Mai Yara, da zakara a cinyarta. Ta ga yadda na rungume jaka ta ce, "Ɗana, jinjiri ne ciki ko kuɗin gado?" Na ce mara lafiya ne. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ba ta sake tambaya ba. Kafin Kornaka taya ta fashe, muka sauka muka fake a inuwar wata aduwa. Kowa ya ciro waya yana gaya wa nasa an makara. Ni na zauna gefe ina fifita jaka da hula don kada zafi ya ƙarasa wayar. Tsohuwar ta gutsuro mini ƙuli-ƙuli, zakaranta ya riga ni.

A Maraɗi na sami mai gyaran waya kusa da babbar kasuwa. Ya jujjuya wayar, ya jujjuya na'urar, ya duba ramin da ke bayanta ya girgiza kai. Ya ce igiyar da ke haɗa irin wannan da ordinater, wato kwamfuta, ta tsufa, ya daɗe bai ga irinta ba, kuma wayar in ya buɗe ta ba shi da tabbacin za ta sake kamawa. Ya ce akwai wani Nafi'u a kasuwar wayoyi ta Kano, in shi bai iya ba to a haƙura. Na ce masa ƙyuya ce kawai, bai son aikin talaka. Bawan Allah bai rama ba, ya kwatanta mini shagon Nafi'u tiryan-tiryan. Wannan maganar da na gaya masa tana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Ban taɓa ƙetare iyaka ba. A motar da muka kama zuwa can, wani fasinja ya leƙa jakata ya ce, "Kai, da wannan za ka wuce? Ai 'yan fasa-ƙwauri da mutanen daji ke yawo da irinta. In aka gani sai dai 'yan gidanku su ji labari." Tsoro ya kama ni. Na kwance tsumman Inna na cusa na'urar tsakanin cuku na ɗaure.

A Ɗan Isa, shingen bakin iyaka, aka tsai da mu. Wani jami'i dogo ya zagayo yana duba kartidantite, wato katin shaida, sai ya tsaya ya shaƙi iska ya ce, "Wa ke da cukun arewa a motar ga?" Na ɗaga hannu. Ashe shi marmari kawai ya ji, yana so ya ga ko irin na garinsu ne. Yana kwance tsumman sai ga na'ura ta zamo.

Ya ce, "Wannan hwa?"

Na ce, "Rediyo ce, shef."

Ya ce, "Madalla. Kunna muna mu ji labaran rana."

Mutanen mota suka fashe da dariya, har da wanda ya tsorata ni. Aka ce in sauko. Direba ya ɗan jira, ya gaji, ya miƙo mini jakata ta taga ya tafi. Aka zaunar da ni kan benci a rumfa. Nan na faɗi gaskiya tun daga dusa har shanun da ke kwanciya. Jami'in ya kunna na'urar ya ga babu komai cikinta. Ya ce su ma nasu shanun haka suke bana. Ya naɗe mini cukuna da hannunsa ya ce, "Da ka hwaɗi haka tun farko da yanzu kana Jibiya. Tahi. In ka dawo ka riƙe ta a tahin hannu kowa ya gani."

Na taka da ƙafa wani yanki na hanyar kafin in sami ɗan kabu-kabu. Da muka ƙetare iyaka, gonakin iri ɗaya ne da namu, Hausar ma ita ce, amma tun daga nan na ji babu wanda zan ce wa ni ɗan wane ne ya gane. Daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano, an matse mu a mota yadda ko hannu ba ka iya ɗagawa. Ba wanda ya yi mini magana sai yaron mota da ke cewa, "Ɗan Nijar, matsa."

Na sauka a gidan wani fatoma da ke saukar da masu kawo shanu daga wajenmu, wanda ya san sunan Kawu. Ya ba ni tabarma a zaure tare da wasu baƙi. Na yi murna da farko, na ce ga 'yan gida. Amma hirarsu duk ta faɗuwar darajar dabbobi ce, yadda ake kawo saniya ƙashi da fata a sayar da ita kamar akuya. Wani ya ce na arewacin Dakoro ma ba sa kaiwa kasuwa, a hanya suke zubewa. Na tashi na fita ƙofar gida na zauna ni kaɗai har aka kira isha'i.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kano shayi ne. Da safe na je wurin mai shayi na zauna ina jiran a hura gawayi, sai ya miƙo mini ƙaton kofi cike da madara da burodi mai laushi kamar katifa, mai zaƙi. Kafin in kai rabi mutum uku sun zauna kusa da ni sun shanye sun tashi. A wurinsu shayi abinci ne, a wurinmu zama ne. Gaisuwa ma haka. Na tsai da wani in tambaye shi hanya, na fara da lafiyar gida da gajiya da zafi, ban kai ga iyali ba ya ce, "Malam, me kake nema?" Na ji haushi a lokacin. Daga baya na lura shi ne ya tsai da mini adaidaita sahu, ya gaya wa direban inda zai ajiye ni. Ba rashin kirki ba ne, lokaci ne ba su da shi. Da rana na ci gurasa da ƙuli da yaji, ta yi mini daɗi, amma na yi ta neman hura mai tsami irin tamu ban samu ba. Tasu sukari ya kashe ta.

Kasuwar wayoyi kuwa ban san yadda zan kwatanta ta ba. Ko'ina janareto na kuka, ko'ina ana jan rigarka. Na riƙe jaka a ƙirji har na sami shagon. Nafi'u mutum ne mai jiki, da tabarau a kan hanci, bakinsa ba ya hutawa. Ya ɗauki na'urar ya ce, "Ɗan Nijar, wannan ai ta girmi 'yata ta fari. A wane kabari ka tono ta?" Ya ɗauki wayar ya ce, "Wannan kuma ciki gare ta, wata tara." Sannan ya tambaye ni mene ne a ciki da har na ƙetaro ƙasa saboda shi.

Na ƙi faɗa. Zuciyata ta raya mini cewa in ya sani zai kwashe lambobin ya riga ni zuwa. Mutumin da ke zaune cikin Kano da fanka a kansa, wai shi zai tafi dajin Azagor satar mini kaya. Haka tunanina ya lalace a tafiyar nan.

Ya ce, "To ni ba na aikin da ban san kansa ba. Zinariya kuka binne?"

Na ce a'a.

"Makamai?"

Na ce, "Subhanallahi. Dusa ce."

Shagon ya kaure da dariya. Maƙwabcinsa ya leƙo, Nafi'u ya ce masa, "Zo ka ga wanda ya zo daga Nijar neman dusa da tauraron ɗan'adam!" Na bari suka gama, sannan na gaya masa batun Laminu da shanun. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce wa wani da ke jiran gyara ya dawo da yamma.

Ga yadda ya yi, ga mai son sani. Ya buɗe bayan wayar a hankali ya cire kumburarren batirin, ya maƙala mata wasu siraran wayoyi masu ba ta wuta daga waje. Ya haɗa ta da kwamfuta, kamar yadda suke kiranta a can, sai ga fuskar wayar ta fito a babban gilashi, fes, ba tawada. Hoton farko da ya bayyana Laminu ne tsaye kusa da amalanke yana dariya, hularsa a karkace. Na daɗe ban ga fuskarsa ba. Na ce, "Malam, ɗan bar shi." Ya ce, "Wayar nan numfashinta kaɗan ya rage. Dusa ko hoto, wanne za mu fara?" Na ce dusa.

Ya shiga cikin wasan, ga wuraren a jere. Ya tattara su wuri ɗaya ya fitar da su a ƙunshi guda ya ajiye a kwamfuta. Sai batun igiya. Ya zazzage buhu biyu na tsofaffin igiyoyi a ƙasa, babu. Ya bar ni da shagon ya shiga kasuwa da kansa. Na zauna ina kallon wayar a buɗe kamar mara lafiya a gadon likita, ina tsoron ko numfashi in yi kusa da ita. Can sai ga shi da wata baƙar igiya mai ƙura, ya ce a wurin wani tsoho mai gyaran kyamara ya samo.

Da ya haɗa na'urar sai ta fito a kwamfuta kamar gida mai ɗakuna. Ya jefa ƙunshin a ciki, ya cire, ya kunna. Babu komai. Na miƙe tsaye. Ya ce, "Kwantar da hankali, a zaure na ajiye. Irin waɗannan in ba ka kai musu kaya har ɗakin da suka saba dubawa ba, ba sa gani." Ya sake haɗawa ya sa shi inda ya dace, ya kashe ya kunna. Sai ga 'yan tutoci sun cika fuskar. Da yawansu na wasa ne, gwangwanayen da Laminu da abokansa suka ɓoye a kewayen Maraɗi. Muka bi su muna gogewa, muka bar waɗanda ke arewa da Dakoro.

Na ce to yanzu hoton. Yana kai hannu sai muka ji ƙaurin roba, gilashin ya yi duhu. Ya yi iya ƙoƙarinsa, wayar ba ta sake motsi ba. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa." Tun da na shigo bai kira ni haka ba sai lokacin.

Ya fito da ni waje ya nuna mini yadda ake jira ta kama sama, da yadda kibiyar ba ta faɗin gaskiya sai kana tafiya. Ya ce kuma kada in zaci za ta ɗora ni bisa abin daidai, kusa kawai take kai mutum. Na ce na gane. Na ba shi cukun Inna. Ya kai baki ya gatsa haka nan a bushe, ya riƙe haƙori ya ce, "Wannan abinci ne ko tayil?" Na ce a ɗan gasa shi a sha da shayi. Ya ce in shanun sun tashi in aiko masa da labari. Ban karɓi lambarsa ba, na manta, kuma abin yana damuna.

Dawowa ba ta da labari. A iyaka na riƙe na'urar a tafin hannu kamar yadda aka ce, ba wanda ya ko dube ta. Ban kwana Dakoro ba, na gai da Inna a tsaye, na sayi pil, na ɗauki shebur, na hau bayan babur zuwa Azagor.

Na sami Kawu Jibo bakin wata rijiya, ya rame har na kusa wuce shi. Shi da wani maƙwabcinsa suna zura itace ƙarƙashin cikin wata saniya suna ɗagawa. Ya dube ni ya ce, "A'a, tela. Ka zo da allura ka ɗinke musu ciki?" Na nuna masa na'urar na gaya masa abin da Laminu ya yi. Ya ce, "Ja'iri. Ya san ni." Dariya ce ya so yi, ba ta fito ba.

Rami mafi kusa bai yi nisa da rijiyar ba, don haka Kawu ya ce a kora shanun gaba ɗaya su ci a can, ba su da ƙarfin jiran a yi jigila. Muka ɗora ruwa a jaki muka tashi da sassafe. Ina gaba da na'ura, shanu na biye suna tangaɗi. A cikinsu akwai Gwamma, jar saniya, wadda Inna ta fi so saboda jikar saniyar da aka ba ta ranar aurenta ce. Ƙasusuwan ƙugunta sun fito har kana iya rataya hula.

Muka iso wani fili da ba itace ba ciyawa. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna an iso. Na cire riga na hau haƙa. Na haƙa har gwiwa, babu. Na duba, kibiya ta juya ta nuna gefe. Na koma can na haƙa, babu. Rana ta taso, hannun tela ya fara ɗurar ruwa. Rami bayan rami, kibiyar tana yawo da ni kamar mai yi mini ba'a. Na fara zargin Nafi'u ya ɓata lambobin, na zargi Laminu, na zargi ɓarayi. Kaina kawai ban zarga ba.

Duk wannan lokacin shanun sun taru wuri ɗaya can gefe, kawunansu a ƙasa. Ban kula ba. Da kibiyar ta sake juyawa sai ta nuna ta bayansu, na nufi can idona a kan na'ura. Saura suka kauce. Gwamma ta ƙi. Na ture ta, ta ƙi ɗaga kai. Na daka mata tsawa. Sai na juya shebur na narka mata ƙotar a ƙugu. Lafiyayyar saniya ko waiwaye ba za ta yi ba. Gwamma ƙafafunta na baya suka harɗe, ta zube ta gefe da nauyinta duka, na ji wani abu ya yi ƙara.

Kawu bai yi ihu ba. Ya zo ya tsuguna inda bakinta yake, ya ɗebi ƙasa da yatsu ya ɗanɗana. Ya ɗebo wata ya zuba mini a tafin hannu ya ce, "Lasa." Na lasa. Kanwa ce.

Ya ce, "Laminu ya san ƙarhen ga ba shi da harshe. Ya barbaɗa kanwa bisa ramin don shanu su nuna muna wurin. Tun ɗazu take gaya maka, kai kana bugunta."

Muka ja ta gefe kaɗan, na haƙa inda ta lasa. Ban kai kamu biyu ba shebur ya daki murfi. Da muka buɗe, dusar tana nan a bushe, ba gara ba ruɓa, ƙanshinta ya tashi har shanun suka yo kanmu sai da Kawu ya tare su da sanda. Muka jiƙa ta da ruwa muka zuzzuba a ƙorai da buhunan da muka shimfiɗa. Ba a jin komai a filin nan sai tauna.

Na kai wa Gwamma tata a hannu. Ta ci kaɗan, harshenta na karce mini tafi. Da rana ta yi sanyi muka zura itace ƙarƙashinta muka ɗaga. Ƙafafun gaba suka tsaya, na baya suna lilo. Muka sake, haka. Kawu ya shafa ƙugun ya ce ya tafi. Ya dubi rana ya ce gara a yanka tun tana halal.

Na ce, "Kawu, ni na kashe ta."

Ya ce, "Yunwa ta riga ka. Amma ka taya ta. Zo riƙe kan."

Na riƙe. Aka raba naman ga makiyayan da ke kusa, ni ban iya kai shi baki ba.

Sauran ramukan ba su ba mu wahala ba. Da zarar na'ura ta yi ƙara sai in kashe ta in sa aljihu, in koma bayan shanu in tsaya. Inda suka dunƙule suka sa kai, nan muke haƙa. Kawu ya ɗebar wa maƙwabta, kamar yadda Laminu ya faɗa, ban hana shi ba. Duk da haka dusar ta riƙe namu har aka yi ruwan farko, ba wadda ta ƙara faɗuwa. Na zauna da su har ƙasa ta fara kore. A tsawon zaman nan maganar da muka yi da Kawu ba ta da yawa. Shi yana da shanunsa, ni ina da abin da ke raina, kuma Laminu, wanda ya kamata a ce masa dabararka ta yi, ba ya nan.

Na iso gida da la'asar, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce shanu sun tashi, Kawu yana gaisuwa. Ta ce alhamdu lillahi. Sai ta ce, "Gwamma hwa?"

Duk hanya na shirya in ce yunwa ce, kuma na san Kawu ba zai taɓa tona ni ba. Amma na gaya mata yadda aka yi, da shebur ɗin da komai. Ta tsai da rariya ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya.

Ta ce, "Ta samu ta ci dusar kahin nan?"

Na ce, "Ta ci, Inna. A hannuna."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da tankaɗe. Na zauna nan gefenta har aka kira magariba.